Yadda ake kafa wayar gari a ƙauyen da sabis ke wahala

Har yau akwai ƙauyuka da rugage da sai an hau tudu ko bishiya ake samun sabis. Wasu gidajen akwai wayar, amma tana rataye a jikin ƙusa, ba caji ba sabis. A irin wannan wuri, layi ɗaya mai ƙarfi da kowa ya san lambarsa, yana kunne dare da rana, ya fi amfani a kan wayoyi ashirin da ba sa shiga. Da shi ɗan ci-rani zai samu iyayensa daga Legas ko Agadas, da shi za a kira mai mota idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare.

Tsarin ba sabo ba ne. Bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, masu lema da teburi a bakin titi ne suka riƙe jama'a, suna sayar da kira da minti. A birni sana'ar ta mutu tunda kowa ya mallaki tasa, a ƙauyen da ƙarfen sabis ke nesa kuwa buƙatar tana nan. Na sha haɗa irin wannan waya, kuma abin da na lura da shi shi ne haɗa na'ura aikin yini ɗaya ne. Abin da ke kashe ta rashin tsari ne: wa ke riƙe da ita, ina kuɗin ke zuwa, wa ke jin sirrin wa. Saboda haka matakan da suka shafi mutane kada ka tsallake su.

Kayan da za ka tanada

- Wayar tebur mai cin sim, wadda ake iya kwance eriyarta a ɗaura wata. Huawei da ZTE duk suna yin irinta. Ka tabbatar ba a kulle ta a kan layin kamfani ɗaya ba.
- Eriyar waje mai haƙora, wadda ake kira Yagi, ta zangon 900 MHz.
- Kebul na eriya mai om 50, da kawunan da suka dace da bayan wayarka.
- Bututun ƙarfe ko gora mai ƙwari, tsawon mita 6 zuwa 9, da wayar ɗauri da turaku uku.
- Farantin sola mai wat 50, batir mai bolt 12 da 40Ah, kwanturola (na'urar da ke daidaita caji tsakanin faranti da batir) ta 10A mai ramin USB, da fiyus.
- Sandar jan ƙarfe ta bisnewa a ƙasa da waya mai kauri, saboda tsawa.
- Wayar Android ta aro don gwaji, da sim na kowane kamfani.
- Babban littafi mai bango, biro, akwati mai kwaɗo, salatif na lantarki.

Amma kada ka sayi ko ɗaya daga ciki sai ka gama mataki na farko.

1. Nemo sabis da ƙafarka

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara zaɓar wuri, a ce ƙofar gidan mai gari ko gaban masallaci, sannan a koma neman sabis. Sabis ɗin ne zai nuna maka wurin.

Layukan nan da ke saman fuskar waya ba abin dogaro ba ne, kowace waya da yadda take zana su. Shiga saitin wayar Android, ka mayar da ita kan 2G zalla, sannan ka nemi wurin bayanin sim a ƙarƙashin bayanan waya. Za ka ga lamba mai alamar ragi a gabanta da dBm a bayanta, ita ce awon ƙarfin sabis. Yadda ake karanta ta: duk lambar da ta fi kusa da sifili ta fi ƙarfi. Daga -85 zuwa sama, kamar -75, sabis ne mai kyau, ko eriyar waje ba ka buƙata. Tsakanin -90 da -100 kira zai riƙa yankewa, amma eriya za ta gyara shi sarai. Idan ta kai -105 ko -110, sai an ɗaga eriya sosai, kuma wani lokacin sai an sake wuri. Bambancin 3 kacal yana nufin ninki biyu na ƙarfi, don haka kada ka raina tazarar da ke tsakanin -99 da -96.

Dalilin zaɓar 2G shi ne yana aiki a zangon 900 MHz, wanda ya fi tafiya nesa, ya fi kuma jure bishiyoyi. Duk da haka fasahar tana da iyaka: a yadda aka saba, ba ta wuce kilomita 35 daga ƙarfen sabis, komai tsawon eriyarka.

Zagaya garin da kowane sim ɗaya bayan ɗaya, MTN, Airtel, Glo da sauransu, ko Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom idan a Nijar kake. A kowane wuri tsaya minti biyu lambar ta natsu, ka rubuta. Tambayi samari da makiyaya, sun san kowace bishiya da kowane tudu da ake samun sabis. Ka gwada da safe, ka sake da daddare, domin da dare layi kan cushe. Idan a rani kake gwajin, ka tuna da damina ganye da dogon hatsi za su rage ƙarfin, saboda haka wurin da da ƙyar yake kamawa a rani ba zai yi ba.

Mutanen kan iyaka, irin su yankin Illela da Ƙwanni ko Jibiya da Ɗan Isa, su kula: waya kan kama sabis ɗin maƙwabciyar ƙasa da kanta, ta riƙa cin kuɗi da tsada. A cire zaɓin kamfani daga kan "da kansa", a zaɓa da hannu.

2. Zauna da mutanen gari

Da ka san wurin da layin da suka fi ƙarfi, sai ka je wa mai unguwa ko dagaci da liman, a tara magidanta. Abu huɗu za a yanke a wannan zama, a rubuta su a shafin farko na littafin: wa ya ba da kuɗin kaya, wa zai riƙe wayar, wa zai riƙe asusu, da lokutan buɗewa.

Mai riƙon waya ya zama mutum mazauni, wanda ba ya tafiya ci-rani, ya iya karatu da rubutu ko da ajami ne, kuma bakinsa na da nauyi. Tela, mai shago ko mai kemis sun dace, domin suna wuri ɗaya yini guda. Shawarata, kada a ajiye ta cikin gidan sarauta ko gidan ɗan siyasa. Ba don ba su da amana ba, sai don talaka zai ji nauyin shiga, wanda kuma suka saɓa ra'ayi ba zai zo ba sam. Mai riƙon waya daban, mai riƙon kuɗi daban.

A wannan zaman ne za a yi maganar mata, don idan ba a yi ba, wayar za ta zama ta maza kaɗai. Matar da ke kulle ba za ta zo rumfar da samari ke zaune ta yi magana da mahaifiyarta ba. Ko dai a ware musu lokaci, kamar bayan magariba, a sallami mazan da ke wurin, ko a naɗa dattijuwa ta zama mataimakiya. A Bangladesh, shirin wayar ƙauye da Grameen, ƙungiyar nan mai ba talakawa rance, ta fara a 1997 hannun mata aka danƙa shi, su ne masu riƙo da sayar da kiran. Ban ga abin da zai hana ungozoma ko malamar Islamiyya riƙe tamu ba.

3. Yi wa layin rajista yadda ya kamata

A Najeriya tun Disamban 2020 dole ne a haɗa kowane layi da lambar NIN. Ma'anar wannan ita ce duk abin da aka aikata da layin, mai NIN ɗin za a nema. Saboda haka mai riƙon wayar shi zai je ofishin kamfani ko wurin wakilinsu da kansa, a yi da sunansa da yardarsa. Kada ka sayi sim da aka riga aka yi wa rajista a kasuwa, komai arharsa. Ranar da ya ɓace ko ya lalace, ba mai iya dawo muku da lambar, alhali ita ce jarinku duka, tunda ita 'yan uwa na nesa suka haddace.

Ajiye katin da aka ɓallo sim ɗin daga jikinsa a cikin akwati, lambar PUK, ta buɗe sim idan ya kulle, na jiki. Sa wa sim ɗin PIN don ɓarawo. Idan aka yi kuskuren PIN sau uku zai kulle, sai da PUK, idan aka yi kuskuren PUK sau goma kuwa sim ɗin ya mutu. In da hali a samu layi na biyu na wani kamfanin a ajiye, a riƙa sa masa kati ana kira da shi duk wata, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani kan rufe shi ya ba wani.

4. Ɗaga eriya

Ɗaura eriyar a kan bututun tun yana kwance. Ɓangaren da haƙoransa suka fi gajarta shi ne gaba, shi zai kalli ƙarfen sabis. Haƙoran su tsaya a tsaye, sama da ƙasa, ba a kwance kamar na talabijin ba. Ɗaura kebul, ka naɗe mahaɗar da salatif sosai, domin ruwa idan ya shiga kebul ya gama da shi.

Mutum uku ko huɗu su ɗaga bututun, a ɗaure shi da waya ta ɓangare uku. Kada a kafa shi kusa da wayar lantarki, kada kuma a yi aikin hadari na sama. Yanzu mutum ɗaya ya riƙa juya bututun kaɗan kaɗan, ɗaya na kallon wayar. Bayan kowace juyawa a dakata kamar rabin minti. Masu gaggawa kan juya da sauri su wuce wurin ba su sani ba. Inda ya fi ƙarfi, a ɗaure, a yi alama da fenti a jikin bututun don ranar da iska ta karkatar da shi.

Maganar kebul tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Siririn nan RG-58, mita 10 nasa yana cinye fiye da rabin abin da eriya ta kamo. Mai kauri irin LMR-400 ya fi tsada, amma asararsa kaɗan ce. Ko wanne ka samu, ka taƙaita tsawonsa: a kawo teburin gindin bututun, kada a ja kebul zuwa ɗaki mai nisa. Na dish da na talabijin om 75 ne, bai dace ba, sai dai in babu yadda za a yi. Kafin kebul ɗin ya shiga ɗaki, lanƙwasa shi ƙasa kaɗan don ruwan sama ya ɗiga a waje.

Bisne sandar jan ƙarfen a wuri mai damshi, ka haɗa ta da gindin bututun da waya mai kauri. Duk da haka, da an ga hadari mai tsawa a kwance kebul daga bayan wayar, a dakatar da kira.

Za a ba ka shawarar sayen busta, na'urar nan mai ƙara ƙarfin sabis. Ka bar ta. Hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gargaɗi a kan amfani da ita ba da izini ba, domin tana dagula sabis ɗin wasu. Eriyar da ke haɗe da wayarka kai tsaye ba ta da wannan matsalar.

Idan ba a samu wayar tebur ba, ƙaramar waya mai madannai ma ta isa. A yi rumfa a daidai wurin da sabis yake, a rataye ta a inda take kamawa, a riƙa magana da abin sawa a kunne don kada a motsa ta. Idan sai a sama take kamawa, mai Bluetooth a sa ta cikin roba mai murfi a ɗaga da igiya, a yi magana daga ƙasa, muddin tazarar ba ta wuce mita 10 ba. A yi mata inuwa, rana na kumbura batir.

5. Haɗa wuta

Farantin ya kalli kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, inda inuwa ba ta faɗa masa. Jerin haɗawa shi ne: fiyus a kan jar waya kusa da batir, batir zuwa kwanturola, sannan faranti zuwa kwanturola, wayar a ƙarshe. Idan za a kwance, faranti ake fara cirewa. Wanda ya fara haɗa faranti kafin batir yana iya ƙona kwanturolar.

Batir mai 40Ah yana ɗauke da kusan 480Wh (Wh awon yawan wuta ne), amma rabi kawai ake taɓawa idan ana so ya yi ƙarko. Da awon ya sauka wajen bolt 12.1 a daina ja. Wayar tebur cinta kaɗan ne. Masu kawo caji ne ke zuƙe batir: ƙaramar waya na shan kamar 4Wh, babbar Android kusan 20Wh. Cajin waya hanyar samun kuɗi ce mai kyau, sai dai a yi shi da rana, daga hantsi zuwa la'asar, a bar abin da ke cikin batir don dare. Ranar da aka jona talabijin don kallon ƙwallo, a wannan daren ne za a nemi kiran gaggawa a tarar wayar a mace. A rubuta wannan cikin doka tun farko.

Lokacin hunturu a goge ƙurar farantin kullum da safe da tsumma mai laushi. Inda babu kuɗin sola, a sayi fawa banki guda biyu, ɗaya na aiki, ɗaya an ba ɗan acaɓa ya kai caji garin da ke da wuta.

6. Yanke farashi, buɗe littafi

Kada ka yi ƙiyasi da ka, farashin kira na canzawa, ko a farkon 2025 an ƙara shi. Danna *310# ka ga kuɗin da ke ciki, ka yi kira na minti ɗaya cif, ka sake dubawa. Bambancin shi ne kuɗin minti. Ka maimaita da layin wani kamfanin da kuma na ƙasar waje da aka fi kira, kamar Nijar ko Saudiyya. Ana sa kati da *311#. Waɗannan lambobi yanzu iri ɗaya ne a duk kamfanonin Najeriya.

A kan kuɗin mintin sai a ɗora riba, a raba abin da ya shigo gida uku: na sayen kati, na mai riƙo, da na asusun gyara. Kason na ukun shi ake yawan mantawa. Batir zai mutu bayan 'yan shekaru ko ana so ko ba a so, kuma wayoyin gari da yawa a ranar suke rasuwa, don babu ko sisi a ajiye.

Littafin ya zama da gurbin kwanan wata, sunan mai kira, lambar da aka kira, mintuna, da kuɗi. Mintunan daga allon wayar za a karanta a nuna wa mai kira, gardama ta ƙare. Duk Juma'a ma'aji da mai riƙo su zauna su daidaita littafi da kuɗi. Bashi a yi masa iyaka, ko a yarda a biya da hatsi a kaka. Kiran rashin lafiya, gobara ko hari kuwa kyauta ne, asusu zai biya, kuma kowa ya san da haka. Lambar 112 ta gaggawa ba ta cin kuɗi, amma a rubuta lambar ma'aikacin asibiti mafi kusa, da masu mota biyu, da ofishin 'yan sanda a manna a bango.

7. Karɓar kira da isar da saƙo

Yawancin amfanin wayar a nan yake, domin na nesa ne ke da kuɗin kira. Tsarin da ya fi aiki: mai kira ya faɗi wanda yake nema, a ce masa ya sake kira bayan minti ashirin, a tura yaro. Wanda ya fi wannan shi ne kowane gida ya tsayar da rana da lokaci da ɗansa na nesa, misali Lahadi bayan la'asar, su zo su jira. Wanda ba shi da kuɗi a yi masa filashin, a karɓi ɗan abin da aka yanke.

Sai sirri. A karkarar Amurka da Kanada a da, gidaje da yawa kan yi tarayya a kan layi ɗaya, kowane gida da salon ƙararsa, kuma duk maƙwabcin da ya ɗaga kan wayarsa zai ji hirar da ake yi. Tamu ba ta da wannan aibin a cikin na'ura, amma tana da shi a bakin rumfa. A sa labule ko zana, a ajiye bencin masu jira nesa kaɗan, mai riƙo ya buga lamba ya ja baya. Kada a buɗe sifika sai mai maganar ya nema. Saƙon da aka bari a rubuta shi yadda aka faɗa, a karanta wa mai shi shi kaɗai, sannan a goge daga wayar. Da zarar zancen auren wata ko bashin wani ya fita daga rumfar nan ya shiga gari, mutane za su koma hawa bishiya, kuma ba su yi laifi ba.

Saƙon rasuwa ba a ba yaro. Mai riƙo ya samu liman ko babban gidan, su je su faɗa yadda aka saba.

8. Abubuwan da ba a yi da wayar gari

Kada a bar kowa ya haɗa asusun bankinsa ko BVN ɗinsa da wannan lamba. Saƙon shigar kuɗi da lambobin sirri duk nan za su riƙa zuwa, hannun wani. Ranar da kuɗi suka ɓace, mai riƙo za a tuhuma ko ba shi ba ne. Wanda ke buƙatar asusu ya yi nasa sim ɗin, ya zo ya sa a waya ya gama ya cire.

Duk wanda ya kira ya ce daga banki yake, ko an ci gasa, ko tallafi ya fito a karanto masa lambar da aka turo, a kashe. Wanda ya kira da sunan ɗan gidan wane ya yi hatsari a turo kuɗi, a kira lambar ɗan da aka sani tukuna.

Baƙon da ba a sani ba sai da wanda ya tsaya masa, a rubuta sunayensu duka biyu. Mai riƙo shi ke buga lamba, kuma wayar ba ta barin teburi. A yankunan da ke fama da 'yan bindiga wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mutanen Zamfara da sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna sun ga yadda aka rufe sabis a 2021 saboda tsaro. Littafin shi ne shaidar mai riƙo idan jami'ai suka zo tambaya. A irin waɗannan wurare a yi shawara da dattawa kafin a kafa doguwar eriya da ake hangowa daga nesa, wani lokacin gara gajeriya a cikin gida.

9. Idan ta ƙi aiki

Bi su a jere. Akwai wuta? Duba fiyus da awon batir. Sabis ya ragu bayan iska? Duba alamar fentin nan, ka mayar da eriya mazauninta. Ya ragu bayan ruwan sama? Kwance mahaɗar kebul, in ka ga tsatsa ko damshi yanke wurin a sake kai. Ya ɗauke gaba ɗaya? Sa sim ɗin a wata waya ka je tudun da aka saba samu. Idan can ma babu, matsalar daga ƙarfen sabis ne, wataƙila man janareto ya ƙare ko an yanke musu kebul, sai a koma layi na biyu.

Idan abin ya wuce kwanaki, kira 300 ka kai ƙara wa kamfanin, ka karɓi lambar ƙorafi ka rubuta a littafi. In ba su gyara ba, kira 622, layin NCC ne kuma kyauta, za su tambaye ka wannan lambar. Akwai kuma asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa don kai sabis wuraren da ba su da shi. Dagaci na iya rubuta takarda ta hannun ƙaramar hukuma, a haɗa da yawan gidajen garin, da nisansa da ƙarfen sabis mafi kusa, da lambobin dBm da ka auna a mataki na farko.